Abin da Mai Guga Ta Ƙi Fassarawa

Shekara ashirin da shida na yi ina maƙwabtaka da matar da duk layinmu yake kira Mai Guga. Ni ina hawa na biyu na benen, ita da iyalinta suna ƙasa, shagon wanki da gugar da take aiki kuma yana kan kwana, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da jarida. Garin da muke zaune ba na Hausawa ba ne. Ni koyarwa ce ta kawo ni, ita kuwa aure.

Duk wanda ya ga gugarta ya ga halinta. Daga kwala take farawa, ta koma kafaɗa, ta bi hannuwa, sai a ƙarshe ta sauko gaba inda maɓallai suke. Zafin dutsen guga a kusa da kuncinta take gwada shi, ta ɗan dakata, ta ce ya yi ko bai yi ba. Idan tabo ya ƙi fita daga riga, ba ta murza shi da ƙarfi. Jiƙa shi take yi ta ajiye, gobe ta duba, jibi ta duba, har ya gaji ya saki. Harsuna uku take juyawa a bayan teburin nan: harshen gari domin masu kawo kaya, harshen baƙin da suke da shaguna a layin baya domin raha da matansu, Hausa kuwa domin gida da addu'a da zagin dutsen guga idan ya ƙona mata yatsa.

Mijinta direban bas ne, mutum mai sanyin hali wanda bai iya cewa a'a ba, musamman ga yayarsa. Ita ce ta rene shi bayan rasuwar iyayensu, ita ce kuma ta kawo shi garin. Sakatariya ce a wani babban ofis, shi ya sa kowa yake ce mata Madam. Tun tana budurwa ta naɗe Hausa ta ajiye kamar tsohon zane. Ta auri ɗan gari, ta haifi maza biyu waɗanda ko "sannu" ba su sani ba. Idan ƙaninta ya gaishe ta da Hausa, da harshen gari take amsawa, tana waiwaye kada maƙwabta su ji.

'Yar farin Mai Guga ta yi nauyin baki. Ta cika shekara uku ba ta haɗa kalma biyu ba, sai wani ɗan sauti a maƙogwaro mai kama da kukan kurciya, har sunan ya bi ta. Wata ranar hutu Madam ta zo gidan ina zaune. Ta ji uwar tana yi wa yarinya Hausa, ta ji uban ya sa baki da harshen gari, ta ji wata maƙwabciya ta leƙo ta taga da nata yaren. Sai ta ajiye jakarta ta fuskanci ƙaninta. Da harshen gari ta yi maganar, amma ga ma'anarta:

"Kun mayar da kan yarinya tashar mota. Wannan ya shigo da nasa yaren, wancan ya fita da nasa. Ta yaya za ta yi magana? Ku ba ni ita wata shida, harshe ɗaya tak za ta ji, ku ga aiki."

Mai Guga ta ce, "Yaya, likita ya duba ta, ya ce kunnenta lafiya lau, lokaci ne kawai."

"Ke likitan riguna, wa ya sa da ke? Da ƙanina nake magana."

Direba ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota a yatsa. Da ya ɗago sai ya ce ai wata shida ba shekara ba ce. Kafin la'asar aka tafi da Kurciya, tana rungume da wani hangar rataye riga na roba da take wasa da shi. A wata na huɗu aka yi wa Madam canjin wurin aiki zuwa wani birni mai nisan kwana guda a mota, ta tafi da yarinyar. Wata shida ya zama shekara tara.

Mai Guga ba ta iya rubutu sosai ba, saboda haka ta sayi ƙaramin rediyo mai kaset. Kowane wata takan cika kaset ɗaya, da rana tsaka idan masu kawo kaya sun yi sauƙi, hannunta yana kan guga, bakinta yana kusa da rediyon. Sau da dama na wuce na ji ta. "Kurciya, Innarki ce. Yau an kawo mini rigar wani mai ƙaton ciki, sai da na zagaya teburin sau biyu kafin in gama ta." Takan faɗa mata sunayen abubuwan ɗaki, ta yi mata waƙa, ta ba ta labarin ƙanin da aka haifa mata da ƙanwar da ta biyo baya. Wani abokin aikin mijinta mai jan doguwar hanya ne yake kai kaset ɗin, hannu da hannu ga Madam. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Yaran nan biyu kuwa da gangan ta rene su a kan abin da aka zarge ta da shi. A bakin ƙofa suke cire takalmi, a nan kuma suke ajiye harshen gari. Ranar Asabar a shago, kowane baƙo da harshensa za su gaishe shi. Aikin gida na makaranta, sai sun bayyana mata shi da Hausa kafin ta yarda an gama. Dukansu sun yi baki da wuri, har sai an roƙe su su yi shiru.

Da Madam ta dawo garin, Kurciya tana da shekara goma sha biyu, doguwa, bakinta cike da harshen gari, kuma "Mama" take kiran Madam. Ranar da aka kawo ta gaisuwa, Mai Guga ta buɗe hannu ta ce, "Kurciya, zo nan." Yarinyar ta juya ta dubi Madam tana jiran a fassara mata. Madam ta ce, "Gaishe ki take yi." Sai Kurciya ta rusuna, ta amsa da kalmar da ake kiran kowace maƙwabciya mai shekaru da ita. Daga baya uwar ta ja ta gefe, ta tambaye ta da harshen gari ko tana jin kaset ɗin.

"Wane kaset?" in ji yarinyar. Sa'an nan ta ƙara da cewa, cikin ladabi, "Mama ta gaya mini ke kika ce ba za ki iya da yarinya bebiya ba. Ban riƙe ki a rai ba."

Da yamma Kurciya ta bi Madam suka koma gida tare.

Na sauko na tarar da Mai Guga a shago tana guge hankici ɗaya, ta guge, ta juya, ta guge, har ya fara ƙauri. Na zare dutsen daga wuta na ce ta yi haƙuri.

"Malama, ni ba haƙuri zan yi ba. Jira zan yi."

Na ce, "Me ya hana ki gaya mata gaskiya?"

"Maganar mai guga da ta sakatariya, wacce za ta ɗauka? Daga bakin da ya yi ƙaryar nake so ta ji."

Shekara goma sha huɗu ta jira. A cikinsu Direba ya rasu, ƙananan yaran suka girma aiki ya kai su nesa, ni na yi ritaya. Kurciya ta zama mai haɗa magani a asibiti. Takan zo lokaci-lokaci da 'yar tsaraba, ta zauna rabin awa a bakin kujera, su yi hirar lafiya da zafin gari cikin harshen gari, ta tafi. Mai Guga takan raka ta har bakin titi, ta dawo fuskarta kamar an guge ta.

Sai wata safiya Madam ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin girki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bayan kwana uku baki ya dawo, amma harshen garin da ta yi shekara hamsin tana taƙama da shi ya ɓace tas, ba ta faɗa, ba ta ji. Hausar ƙuruciyarta ce kaɗai ta rage, ita ma a karkace take fitowa. Likita ya ce hakan yakan faru. 'Ya'yanta maza suka kafa mata wayar hannu mai fassara a baki, wayar ta ce tsohuwar tana neman tikitin jirgi. Aka samo wani matashi mai tafinta, ya saurara ya saurara, ya ce kalma ɗaya cikin biyar yake kamawa. A rana ta biyar Kurciya ta tsaya a ƙofar shago idanunta jawur.

Mai Guga ta saurare ta. Ta ƙarasa rigar da take gugewa, ta rataye, ta zare wuta, ta ce, "Mu je." Ta leƙo sama ta ce in raka ta.

Madam tana ganin ta sai magana ta ɓalle mata. Mai Guga ta karkata kunne, wanda ya shekara talatin yana jin muryar nan.

"Ruwa take so, ba mai sanyi ba. Kuma filo biyu sun yi mata tudu, a cire ɗaya."

Aka yi, tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, 'ya'yanta suka hau godiya. Sai Madam ta kama hannun Kurciya da hannunta mai lafiya, ta yi doguwar magana, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. Kowa ya juyo.

"Me ta ce?" in ji Kurciya.

"Wannan ba na jiki ba ne."

"Ban gane ba."

"Ƙishirwarta da yunwarta da ciwonta da zuwa bayi, duk zan faɗa muku, ko sau ɗari ne a rana. Abin da take gaya wa 'yarta kuwa, tsakaninsu ne. 'Yarta ce, ta saurara."

Babban ɗan Madam ya taso yana cewa wannan rashin imani ne, mace tana kwance a haka. Mai Guga ta dube shi daga sama har ƙasa, ta lura da karin wandonsa da ya karkace, ta ce, "Uwarku ce ta ce harshe ɗaya ya isa. To, ga shi Allah ya bar mata ɗaya."

Sa'an nan ta sunkuya kan gadon, ta gyara wa mara lafiya bargo, ta yi Hausa a hankali yadda mu uku ne kawai muka ji: "Yaya, ya kika ji? Ki yi wa yarinya magana, tana kallon bakinki kamar lalataccen rediyo. Ni shekara goma sha huɗu ina sha. Sannu da farawa."

Da aka sallami Madam ta koma gida, Mai Guga ba ta fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Da azahar takan rufe shago, ta hau bas, ta je ta yi mata wanka, ta juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ta ba ta abinci cokali-cokali, ta kawo rigunan barci a guge kamar na amarya. Nas ɗin da take zuwa duba ta ta ce ba ta taɓa ganin jinya mai tsabta irin wannan ba. Na faɗa wa Mai Guga, na ce ashe zuciyarta ta yi laushi.

"Ina fa! Ba na so ta mutu da wuri ne."

Kullum da yamma, idan Kurciya ta dawo daga aiki, Madam takan kama hannunta ta maimaita doguwar maganar nan, kullum kuma a banza. Ba a jima ba Kurciya ta hawo bene wurina. Amma uwarta ta riga ta, ta riga ta karɓi alkawarina. Na zaunar da ita na ce, "Na yi wa uwarki alkawari ba zan fassara ba."

"Uwata tana kwance."

"Wadda ta haife ki nake nufi. Amma ban yi alkawarin ba zan koyar ba. Kina da littafin rubutu?"

Sau huɗu a mako take zuwa bayan aiki, mu zauna a teburin cin abincina. Muka fara da gaisuwa, da sassan jiki, da kayan ɗaki. Ɗaliba ce mai kaifin kai da fushi a ciki, irin waɗanda suke danna biro har ya huda takarda. Wasu kalmomi ba ni na koya mata ba, da kansu suka taso: ruwa, barci, zafi. Na gaya mata cewa awa ɗaya a wurina ba za ta isa ba, harshe yana son bakin da za a yi ta gogawa da shi, kuma ta san inda yake. Ta yi mako biyu tana jan ƙafa, sa'an nan ta fara zuwa shago ranar Asabar. Duk abin da ta faɗa da harshen gari, uwar sai ta ci gaba da guga kamar iska ce ta wuce. Jimla ta farko da Kurciya ta haɗa da kanta, ba daga littafi ba, a nan ta haɗa ta:

"Ke muguwa ce."

Mai Guga ta yi dariya har ta dafe teburi. "Madalla, baki ya buɗe! To 'yar muguwa, miƙo mini sitati."

A wata na biyar jikin Madam ya ƙara rauni, likita ya ce ciwon yana iya dawowa kowane lokaci. Na sami Mai Guga na roƙe ta. Na ce idan tsohuwar ta cika kafin yarinya ta gane fa? Sai ita ma ta rasa abin da ta shekara goma sha huɗu tana jira, Kurciya kuma ba za ta taɓa yafe mata ba.

"Na sani," in ji ta. "In ni na faɗa, za ta ce na ƙara gishiri. In ta mutu da maganarta, ta bi kaset ɗina." Ta ci gaba da guga, amma na ga ta bi hannun riga ɗaya sau uku. Ni ma a watannin nan ban ji daɗin alkawarina ba, sai dai na ƙara wa ɗalibata rana ta biyar.

A wata na bakwai, wata ranar Talata, Kurciya ta shigo ɗakina ba sallama, rungume da akwatin ƙarfe. Ta ce ta daɗe tana tsintar kalmomin ɗaya-ɗaya, yau suka haɗu: akwati, saman kabad, ba ita ta ba da ke ba, ni na ɗauke ki. Muka buɗe. Kaset ne jere a layi, ba wanda aka taɓa kunnawa, kowane da 'yar takarda manne, an buga ranar da ya iso da keken rubutu. Madam ta ɓoye su, amma hannun sakatariya bai iya jefar da abin da ya shigo ba tare da an adana shi ba.

Na ɗauko tsohon rediyona na kakkaɓe ƙura. Da farko hucin dutsen guga ne ya fito, sa'an nan muryar mace matashiya: "Kurciya, Innarki ce." Rabin maganar take ganewa, ta dakatar, ta mayar baya, ta sake ji. Da aka zo kan mai ƙaton ciki ta yi dariya, dariyar kuma ba ta ƙare a dariya ba. Na tashi na ba ta wuri.

Washegari da azahar ta ce in zo gidan Madam. Muka tarar da Mai Guga tana jera rigunan barci a kabad. Kurciya ta ajiye akwatin a ƙarshen gadon. Madam ta dubi akwatin, ta dubi yarinyar, ta gane an ji ta. Ta tattara ƙarfinta, kuma ban taɓa jin maganarta ta fito sarai haka ba:

"Matar ƙanina, ki yafe mini."

Mai Guga ta ninke rigar da take hannunta, ta daidaita gefe da gefe, ta ajiye. Sa'an nan ta ba da amsa, a tsanake, da harshen gari, wanda ta guge shi tsaf kamar na ofis. Madam ta ƙura wa bakinta ido, ba ta kama ko kalma ɗaya ba. Idanunta suka gudu wurin Kurciya.

"Ke ce tafinta yanzu," in ji Mai Guga. "Ki gaya mata, ko ki bari."

Kurciya ta daɗe a tsaye. Na ga maƙogwaronta yana motsi kamar lokacin da take ƙarama. Sa'an nan ta zauna a bakin gadon, ta kama hannun tsohuwar, ta fara Hausa, kalma bayan kalma:

"Gwaggo, Inna ta ce zagin da kika yi mata ta yafe. Likitan riguna ma ta yafe. Shekara tara da kika kulle muryarta a akwati, wannan ba ta yafe ba. Ta ce ki riƙe, sai kun haɗu a gaban Allah."

Ba ta rage komai ba, ba ta ƙara ba. Madam ta runtse ido tun a kalmar farko, domin ranar ce aka fara kiran ta Gwaggo. Mai Guga kuwa a kalma ta biyu ta dafa ƙofar kabad, ta tsaya haka har aka gama.

Ta ɗauki jakarta ta ce wa 'yarta, "Ruwanta kada ya yi sanyi. Filo ɗaya. Ki juya ta sau uku kafin magariba."

"To, Inna."

Ba ta sake taka gidan ba. Kurciya ce ta yi jinyar gwaggonta wata biyar da suka rage, da Hausa, kuma ta yi ta da kyau. Ranar rasuwar, Mai Guga ta guge wa 'ya'yan Madam kayan da za su sa, ta aika musu, ita kuwa ta buɗe shago kamar kullum.

Yanzu kowace Asabar rediyona yana kan teburin gugar, suna bin kaset ɗin bisa jerin ranakun da Madam ta buga. Sun wuce rabi. Wani lokaci uwar takan yi gardama da muryarta ta dā, ta ce ba haka aka yi ba, Kurciya ta ce, "Inna, ki bar matar nan ta gama magana." Kwanan nan na tambayi Mai Guga ko zuciyarta ta yi sanyi.

Ta kai dutsen kusa da kuncinta, ta ɗan dakata. "An dai zare wuta, Malama. Kada a taɓa tukuna." Ta jawo wata riga ta fara daga kwala.